Yanda za ka kai ɗan'uwanka mai ciwon ƙwaƙwalwa ga magani a Jos, kuma ka riƙe shi a kai

Ƙanena sai da ya kwana shida bai runtsa ba kafin wani a gidanmu ya iya furta kalmar asibiti. Lokacin sanyi ne, irin sanyin Jos ɗin nan na Disamba da ko alwalar asuba sai ka yi shawara da zuciyarka, amma shi ƙarfe ukun dare yana tsakar gida ba riga yana wanke keken da ya riga ya wanke sau biyu, yana ta musu da wasu mutane da mu ba ma ganinsu. Mama ta ce iska ce ta taɓa shi. Kawu ya ce jifa ne, wai tunda yaron ya sayi keke nasa na kansa aka sa masa ido. Goggo ta ce ku dai bincika aljihunsa. Ni kuwa shiru na yi don wallahi ban san komai ba a lokacin, kuma wannan rashin sanin ya ci mana kusan shekara guda da kuɗin da har yau ba na son lissafawa. Yanzu Alhamdulillah yana kan kekensa, ya yi aure. Abinda na koya a hanya ne zan zuba a nan, ni ba likita ba ne, yaya ne kawai da abin ya faɗo a kansa.

Kafin a fara gardamar aljani ne ko sammu ne, ka taɓa jikinsa tukuna. Da gaske nake. In mutum lafiyarsa lau jiya, yau kawai ya rikice, ga zazzaɓi, bai san inda yake ba, bai gane mutane ba, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya faɗi yana jijjiga, ko kwanan baya ya bugu a ka, toh wannan ba maganar jira ba ce, ɗauke shi za ka yi zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren. Maleriya in ta hau ka tana sa sambatu, taifot ma haka, sanƙarau haka, sugan mai ciwon suga in ya faɗi ƙasa haka. Mutane nawa aka tsaya yi wa hayaƙi alhali ƙarin ruwa da allura suke buƙata. Mai jego ma da ta fara surutai ko ta ƙi jaririnta ko ta daina barci kwata-kwata a sati biyun farko bayan haihuwa, ita ma gaggawa ce, kar a ce a bari a yi suna ko a gama wanka, kuma kar a bar ta ita kaɗai da jinjirin.

In ba wannan ba ne, abin a hankali ya taho, toh ka nemi littafi na naira kaɗan ka fara rubutu. Yaushe ya fara, awa nawa yake barci, yana cin abinci ko yana cewa an sa masa guba, yana jin muryoyi, me ya faru kafin nan, rasuwa ce, karayar jari ce, saki ne, me yake sha, akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi. Za ka ga kamar wasa ne amma ranar da ka zauna gaban likita, bayanka akwai mutum hamsin suna jira, minti goman da za ka samu wannan littafin ne zai cece ka. Kuma maganar shaye-shaye kar ka rufe don kunya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara ɗaya, a shekarar ne ma aka hana sirof mai kodin, don haka likita ba zai zaro ido don ka ce wiwi ko tiramol ko rochi ba, kullum shi yake ji. Amma kuma kar ka yanke hukunci da kanka cewa ai ƙwaya ce shikenan. Namu ko sigari bai taɓa sha ba.

Yanzu ga babban dutsen, wato gida. Ni kuskuren da na yi da na fara fahimtar abin shi ne na shiga da faɗa, ina cewa ku daina wannan camfin, sai Kawu ya kalle ni ya ce wato kai boko ya sa ka fi Alƙur'ani sani ko, daga nan magana ta mutu, aka ƙara wata uku. Kar ka yi haka. Ba za ka ci gardamar aljanu da Mama ba, kuma ba ka ma buƙatar ka ci. Abinda kake nema ɗaya ne, a haɗa biyu. Je ka sami malamin da gidan suke jin maganarsa, ka durƙusa ka ce Allah gafarta Malam, ba cewa muka yi a daina ruƙiyya ba, a ci gaba da tofi da addu'a, so muke ka sa baki a bar mu mu gwada na asibiti tare, tunda Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Malami na ƙwarai ba zai ƙi ba, namu ma shi ya kira Kawu da kansa. In gidan Kirista ne haka za ka yi da fasto ko shugabar zumuntar mata, don a garin nan ciwon bai san Unguwar Rogo ko Tudun Wada ba, abinda ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wannan haɗa biyun ba dabarata ba ce. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro kusa da Abeokuta, maimakon a kulle marasa lafiya sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su zo asibiti, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, mutumin nan daga baya har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. A 2020 kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke zuwa har wurin masu maganin gargajiya da gidajen addu'a suna duba marasa lafiya suna ba da magani, kuma waɗanda aka yi wa haɗin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Kenan abinda muke jin kunyar faɗa wa likita, cewa mun fara zuwa wajen malam, masana sun daɗe da sanin nan kowa yake fara zuwa.

Amma akwai iyaka, kuma a nan ba na sassauci. Duk inda aka ce a sa masa mari, ko a yi masa bulala wai aljanin ake duka, ko a hana shi abinci, ko a ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasu ya ci, ɗauki ɗan'uwanka ka fita. Mu mun kai namu wani gida a wajen gari bisa shawarar wani, sati uku, da na je dubiya na tarar da ƙafarsa ta kumbura ta fara ruwa a inda ƙarfen yake, ya kalle ni ya ce Yaya me na yi muku. Har yau tabon na nan a idon sawunsa. Kun tuna Satumban 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, bayan nan aka yi ta bankaɗo irinsu a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, yawanci sun rasa inda za su ne, kuma gidan mari shi kullum ƙofarsa a buɗe take ba layi ba kati.

Wanda ya kawo mu ga tambayar ina za a je. A Jos asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da ƙwararrun likitoci, nan ne mafi yawan mutanen Filato da maƙwabta suke dosa. Asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa zalla mafi kusa da mu shi ne na Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri. In a Abuja kake akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada. Ka ga dai da yatsu ake ƙirga su. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya gaba ɗaya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wato likita ɗaya na mutum fiye da 600,000, su ma ɗin yawancinsu suna manyan birane, kuma duk shekara wasu na haɗa jaka su tafi Ingila ko Kanada ko Saudiyya. Mu da ke cikin Jos gata ne da mu, ka tuna da wanda zai taso daga Wase ko Dengi ko Shendam da mara lafiyan da ba ya zama wuri ɗaya, a motar haya, bayan cire tallafin mai na 2023. Shi ya sa in Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan larura a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun wani magani ko kaɗan, ni ban ga abin mamaki ba.

Ranar tafiya kar ku taru masa ku goma kamar an zo kama ɓarawo. Mutum ɗaya ko biyu da yake yarda da su, murya ƙasa, kar ka yi musu da abinda yake gani ko yake ji, kar kuma ka ce masa eh nima na gani. Ka kama abinda shi ma ya yarda yana damunsa, yawanci barci ne, ka ce taho mu je a duba wannan rashin barcin da ciwon kan. Gaskiya ce ai, ba yaudara ba. A kawar da wuƙa da taɓarya daga kusa, a fitar da yara. Ku fita da sassafe, ku riƙe littafin nan, da kwalayen duk wani magani da ya sha har na gargajiya, da abinci da ruwa da rigar sanyi, don yini za ku yi. Kuma wanda zai shiga wurin likita ya zama wanda yake kwana gida ɗaya da shi, ba babban gida da ya zo daga Bukuru da safen nan don a ga ya zo ba.

In kun shiga kar ka ji nauyin tambaya. Mu Hausawa muna da wannan abin na toh likita, toh likita, mu fito ba mu gane komai ba. Ka ce ranka ya daɗe mene ne sunan ciwon, rubuta min. Maganin nan sai yaushe zai fara aiki, har tsawon yaushe zai sha, me zai iya jawo masa, in ya jawo ina zan kawo shi ko da daddare ne. Sannan ka faɗi gaskiyar aljihunka, wannan shi ne abinda na fi so kowa ya ji. Ka ce likita abinda zan iya saya duk wata ba fashi kaza ne. Akwai tsoffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine da amitriptyline masu arha sosai in ka gwada da sababbi irin su olanzapine, kowanne da amfaninsa da matsalarsa, likita ne zai auna, amma ba zai auna da aljihunka ba in ba ka buɗe baki ba. Maganin da ya fi kyau a takarda amma ka saya wata biyu ka gaza, wanda za ka iya riƙewa shekara ya fi shi.

Maganar kuɗi kuwa, a nan ne ƙasashe irin namu suka faɗi warwas. A 2001 a Abuja ɗin nan shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi wa lafiya, mu masu masaukin baƙi ko rabi ba mu cika kaiwa ba. A cikin abinda ake ware wa lafiyar kuma, a duniya ma kusan kashi 2 ne kacal ke zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa, a ƙasashe matalauta bai kai haka ba, ɗan abin da ya samu ɗin ma yawancinsa manyan asibitocin nan ne ke cinyewa, ba abinda ke gangarowa unguwa. Sakamakon shi ne sama da kashi 70 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. Toh tunda haka ne kar ka bar nauyin a kan mutum ɗaya don zai gaji, ko waye shi. Mu abinda muka yi, muka buɗe guruf a WhatsApp na 'yan ɗaki, mu biyar, kowa da abinda zai turo ranar ɗaya ga wata kamar adashe, ƙanwarmu ce ma'aji don ta fi mu tsauri, kuma kuɗin nan ko rasuwa aka yi ba a taɓa shi. Ka je ofishin inshorar lafiya, PLASCHEMA a Filato, ko NHIA ta tarayya tunda dokar 2022 ta ce inshora wajibi ce, ka tambaye su ƙarara wanne daga cikin magungunan nan suke biya kafin ka yi rajista, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambayi ofishin walwala na asibitin ma, in da rabo ana rage wani abu. Magani kuma ka saya a famasin asibiti ko babban famasi mai rajista ka duba lambar NAFDAC, ni na taɓa saye a wani kemis don sauƙin naira ɗari biyu, wata guda yaro yana haɗiyar alli.

Kai shi asibiti aikin yini ɗaya ne. Inda ake faɗuwa shi ne wata na biyu da na uku, kuma ta hanya biyu ake faɗuwa.

Ta farko, maganin ya nuna halinsa. Wata rana da yamma muka ga wuyan ƙanena ya karkace, harshe ya yi nauyi, miyau na dalala, yana tafiya kamar an sa masa sitati, Mama ta fashe da kuka Kawu ya ce kun gani ko, ai na faɗa muku mutanen ba sa son maganin Bature. Ashe sananniyar matsala ce ta wasu magungunan, muka koma aka rage awo aka ƙara wata ƙwaya, kwana biyu ya warware. Da mun san za a iya haka da ba mu firgita ba. Wannan ƙwayar da ake ƙarawa ita ce 'yan shaye-shaye suke nema suna kira ezol, don haka a hannunka za ta zauna ba a ɗakinsa ba. Wasu magungunan suna sa barci da yawa, wasu ƙiba har su taɓa suga, wasu suna rage wa namiji ƙarfi, wannan na ƙarshen shi ne dalilin da maza da yawa suke daina sha a ɓoye ba za su taɓa faɗa maka ba, sai ka ja shi gefe ka tambaya cikin hikima ko ka bar shi da likita su biyu. Mace mai ciki ko mai niyyar ɗauka dole likita ya sani don akwai waɗanda ke cutar da ɗan tayi. Duk abinda ya faru dai a koma a faɗa, kar a yanke magani a gida.

Ta biyu ta fi haɗari don da fara'a take zuwa. Ya warke. Yana barci, yana wanka, ya koma majalisa, sai kowa ya ce Alhamdulillah a ajiye ƙwayoyin nan haka kar su zame masa jiki. Mu ma mun yi, bayan wata huɗu abin ya dawo ya fi na farko, muka koma da kunya. Ka'idar da likitoci ke bi ita ce irin wannan ciwon ko karo na farko ne ana ci gaba da magani aƙalla shekara guda bayan an samu sauƙi, na ciwon damuwa wata 9 zuwa 12, wasu kuma kamar hawan jini ne sai dai a yi ta lallaɓawa, kuma ko za a daina a hankali ake janyewa. Maganin damuwa shi ma ba fanadol ba ne, sai ya yi sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga alama, mutane suna sha kwana biyar su ce ba ya yi. In naka mai mantuwa ne ko mai ɓoye ƙwaya ƙarƙashin harshe, tambayi likita ko akwai allurar da ake yi duk sati biyu zuwa huɗu, ita ta zaunar mana da gida lafiya. Azumi in ya matso ku je tun Sha'aban a tsara yanda zai koma sahur da buɗa-baki.

Wani abu da ban sani ba sai daga baya, ba komai ne sai an je gaban babban likita ba. Tun 1991 Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, a takarda dai. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri mai suna mhGAP don a koya wa nas-nas da malaman asibiti na unguwa yanda za su gane damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya su fara magani, mai wuya su tura gaba. An gwada a Osun, an yi a Binuwai nan kusa da mu tare da cocin Methodist, kuma ya yi aiki inda aka ci gaba da kai magani da zuwa duba ma'aikatan. Inda ya mutu kuwa dalilin ɗaya ne, a yi bita ta kwana biyar a otal a raba satifiket, a koma asibiti ba ƙwaya ko ɗaya a kanta, wanda aka koya wa ma bayan wata shida an yi masa canjin wurin aiki. Duk da haka ka shiga asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ka tambayi in-caji ko akwai wanda ya yi wannan horon, in akwai ka roƙi likitanku ya rubuta takarda a riƙa yi masa allurar watan a nan, ku sai dai ku je babban asibiti duk wata uku. Kuɗin mota da yinin da wannan ya rage mana ba kaɗan ba ne.

Na daɗe a kan mai fizge-fizge don shi ake gani, amma masu yawan su ne masu shiru. Matar da kullum tana asibiti da ciwon kai, zafin ƙirji, abu na yi min yawo a jiki, an yi gwajin taifot sau bakwai an sha maganin olsa an gaji, ba wanda ya taɓa tambayarta me ke damunki. Garin nan ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008 da 2010, ya ga bam ɗin Taminus na Mayun 2014, akwai mutanen da har yau in taya ta fashe sai cikinsu ya juya, akwai waɗanda ba su ƙara tsallaka wata unguwa ba, mu kuma abinda muka iya shi ne a yi haƙuri, sai kace haƙurin ƙwaya ce da ake haɗiya. A Zimbabwe suna da kalma, kufungisisa, ma'anarta yawan tunani, daidai yanda muke faɗa. Wani likitansu Dixon Chibanda da ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba sai ya koya wa tsofaffin mata, kakanni, yanda ake sauraron mutum a taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa a Harare, zama shida, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi sosai. A Pakistan ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida aka koya wa irin wannan don masu ciki da masu jego. Ni da na ji sai na ce toh mu me muka rasa, ga ungozomomi, ga malaman Islamiyya mata, ga 'yan zumunta, ga benci kuwa har ya yi yawa. Horon ne babu, da kuma riƙe sirri, don in Inna ta ji a benci da safe unguwa ta ji da yamma an gama.

Kai dai a naka gidan abinda za ka iya, zauna ka saurara ba tare da ka yanke da wa'azi ba. In damuwar ta wuce sati biyu, ba ci ba barci ba sha'awar komai, a je asibiti. In ka ji yana cewa gara ma na mutu, ko na gaji da duniyar, ko ya fara rabon kayansa yana neman yafiya ba dalili, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum ra'ayin, sau da yawa ma ajiyar zuciya za ka ji. In ya ce eh kar ka ce a'uzubillahi kai ba Musulmi ba ne, ya sani, shi ya sa ya kasa faɗa wa kowa. Kar a bar shi shi kaɗai, a fitar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshi da igiya da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi a ranar. Tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara, wannan tsoron ya sa iyalai da yawa suke ɓoyewa, Ghana ta cire irin wannan dokar a 2023. Kai dai kar tsoron ɗan sanda ya hana ka kai mutum inda za a ceci ransa.

Sai kunya, wadda ita ce ta sa muka kwana shida tun farko. Mama ba ciwon ne ya fi tayar mata da hankali ba, cewa take wa zai auri ƙannensa mata in aka ji gidan akwai hauka. Ba zan ce maka ka hau Facebook ka yi shela ba, sirrin mara lafiya nasa ne, shi zai zaɓi wanda zai sani. Amma mutum uku zuwa huɗu dole su sani, maƙwabcin da za ka buga wa ƙofa da tsakar dare, mai unguwa, ubangidansa a wurin aiki in mai amana ne. Kuma a daina kiransa da sunan ciwon ko a bayan ido, a hana yaran layi tsokana, wannan aikin manya ne. Dokar ma yanzu tana bayanka, a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin ta 1958 da ta samo asali tun 1916 zamanin Turawa, waccan kulle mutum kawai ta sani, wannan ta ce yana da haƙƙin a mutunta shi kar a nuna masa bambanci a aiki ko gidan haya, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Aiwatarwa dai tafiyar hawainiya take, shi ya sa in ɗan majalisarku ko kansila ya zo neman ƙuri'a, maimakon atamfa da taliya ku tambaye shi maganin ƙwaƙwalwa a asibitin unguwa.

Da maganar aurensa ta taso an so a rufe, ni na ce a'a, muka je ni da Kawu, eh Kawun nan dai, muka zauna da baban yarinyar muka faɗa masa komai har da allurar wata. Ya yi shiru ya ce a ba shi sati. Da satin ya cika ya ce yana so ya ji daga bakin likita, muka tafi tare ranar kilinik ya yi tambayoyinsa ya gamsu. Yanzu ita ce ke riƙe da katin da littafin, littafi na huɗu kenan, kuma ranar allura in ta kama ranar kasuwa ce ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ƙarfe bakwai za ka ji ta kira ni, Yaya yau ne fa, ka turo yaro ya karɓi keken.